Nazarin lamari: yadda wata ɗalibar kasuwanci ta samu gurbin IT a Kano bayan an mayar da ita sau 11

## Asalin lamarin

Ɗalibar da wannan nazari ya shafa 'yar shekara 21 ce a lokacin, mazauniyar wata unguwa a cikin birnin Kano. A ƙarshen 2023 ta kammala ƙaramar difloma a fannin kasuwanci da tallace-tallace a wata kwalejin kimiyya da fasaha, kuma sakamakonta ya yi kyau. Mahaifinta abokina ne tun muna samari. Da yake na daɗe ina aikin rarraba kayan masarufi ga 'yan sari da masu tireda, sai ya ce in sa mata ido. Abin da ke cikin wannan rubutu na samo shi ne daga abin da na gani, da littafin da ta riƙa cikawa, da hirar da na yi da waɗanda suka yi aiki da ita. Na sakaya sunanta da na kamfanonin.

Ɗalibin irin wannan kwaleji yakan fita koyon aiki sau biyu. Na farko shi ne SIWES, shirin da asusun horar da ma'aikata na ITF, mai hedikwata a Jos, ya ƙirƙiro a 1973. Wata 4 ake yi bayan shekarar farko, makaranta na taimakawa wajen neman wuri, akwai littafin da ake cikawa, akwai malamin da ke zuwa dubawa. Na biyu shi ne wanda ɗalibai ke kira IT: hukumar kula da ilimin fasaha ta NBTE da ke Kaduna ta shar'anta cewa wanda ya gama ƙaramar difloma sai ya yi shekara guda yana aiki a fanninsa kafin a ɗauke shi babbar difloma. A wannan shekarar ɗalibi shi ke nema wa kansa wuri, kuma abin da zai samu na kuɗin mota ya danganta ne da wanda ya ɗauke shi.

Ita SIWES ɗinta a wani ofis ta yi, inda aikinta bai wuce jera fayil da sa hannu a rajistar zuwa aiki ba. Ta fito da littafi cike da sa hannun shugabanni, amma babu wani aiki guda da za ta iya ɗagawa ta ce nata ne.

Lokacin ma bai zo mata da sauƙi ba. Tun bayan janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023 ƙananan kamfanoni suka shiga tsimi, kowa na rage ma'aikata da zirga-zirgar mota. A gida kuma akwai wata 'yar matsala: mahaifinta ba ya son kalmar talla. A kunnensa talla shi ne yarinya da faranti a ka. Ya taɓa ce mini, "Yanzu duk karatun nan talla za ta ƙare da shi?" Sharaɗinsa shi ne ta samu aikin ofis, ta dawo gida kafin magariba.

## Disamba 2023 zuwa tsakiyar Janairu 2024: takarda 11

Ta fara da abin da kowane ɗalibi ke farawa da shi. Ta je shagon buga takardu aka tsara mata wasiƙar neman gurbi da takardar tarihin karatu, wadda kowa ke kira CV. Wasiƙa ɗaya ce aka buga sau 11, sunan kamfani kawai ake sauyawa. A wajen da ake zayyana abin da mutum ya iya an rubuta mata ƙwazo, da iya mu'amala da jama'a, da sanin kwamfuta. Mai shagon ya gaya mata haka yake rubuta wa kowa.

Cikin mako 6 ta zagaya unguwannin masana'antu na Bompai da Sharaɗa da Challawa da wasu ofisoshi a cikin gari. Mafi yawan takardun a hannun maigadi ta bar su. Kuɗin adaidaita sahu da na buga takardu ya kai naira 23,000.

Kamfani 6 shiru kake ji. Guda 3 sun ce babu gurbi. Wani ƙaramin banki ya ce zai ɗauke ta, amma babu ko sisi sai kamasho, kuma sai ta kawo mutum 50 masu buɗe asusu duk wata. Ba ta karɓa ba. Kamfani ɗaya ne, mai rarraba sabulu da man shafawa, ya kira ta ganawa.

A tsakanin nan an gwada neman hanya. Mahaifinta ya rubuta wa wani tsohon abokin karatunsa da ke babban muƙami a wata masana'anta. Mutumin ya karɓe ta da fara'a, ya ce za su duba, daga nan maganar ba ta sake tasowa ba.

## 23 ga Janairu 2024: ganawar da ba ta wuce minti 12 ba

Ta yi kwana 3 tana bitar littattafanta. Ta haddace ma'anar tallace-tallace, da ginshiƙai huɗun nan da ake koyarwa a aji, wato haja da farashi da wurin sayarwa da hanyar tallatawa.

Manajan bai tambaye ta ko ɗaya daga ciki ba. Ya ɗauko sabulu ya ajiye a kan tebur ya ce, "A unguwarku shago nawa ke sayar da wannan, kuma nawa suke sayarwa?" Ta ce ba ta lura ba. Ya tambaye ta wane sabulu ne ke gogayya da shi. Ta faɗi suna biyu, ɗaya daga cikinsu ashe nasu ne. Ya juyo mata da kwamfuta, ya nuna mata jerin cinikin mako guda a manhajar lissafi ta Excel, ya ce ta haɗa jimilla ta fito da ranar da aka fi ciniki. Ta ciro wayarta za ta yi lissafi. Tambayarsa ta ƙarshe ita ce ko akwai wani abu da ta taɓa sayarwa, ko da turaren wuta ne a makaranta. Babu.

Ya ce ta je za su kira ta. Bayan mako guda na same shi ta hannun wani abokin aiki. Bai ɓoye mini komai ba. Ya ce yarinyar tana da ladabi, takardunta kuma babu laifi, amma shi ba shi da wanda zai zaunar ya koya mata aiki daga farko. Ɗaliban da suka zo masa duk takardarsu iri ɗaya ce, don haka wanda ya san farashin kaya a layinsu shi yake ɗauka.

Na isar mata da maganar yadda ya faɗa. Ta yi kuka, ta ce, "Kawu, to ai ba a koya mana haka ba." Muka bar zancen na kwana biyu.

## Fabrairu 2024: shago 30 da takarda guda

Shawarar da muka yanke ita ce a daina raba takardu. Za ta zaɓi kamfani ɗaya, ta san kayansa a kasuwa, sannan ta je. Ita ta zaɓa: wani ƙaramin kamfani a Sharaɗa mai ma'aikata 14, da ke sarrafa garin yaji da kayan ƙamshin miya da garin kunun gyaɗa. Wata Hajiya ce ke da shi. Dalilinta shi ne mahaifiyarta na amfani da garin kunun, kuma ta sha aikenta ta dawo babu a shagon layinsu.

Kusan mako biyun farko ta yi su ne a kan kwamfutar yayanta, awa guda kullum, tana koyon Excel: haɗa jimilla, jera lambobi daga babba zuwa ƙarami, da tace bayanai. Ba ta wuce nan ba.

Sannan ta shiga shaguna. Tambaya 5 ta tsara: kuna sayar da kayan? In kun daina, me ya sa? Nawa kuke sayarwa? Wane ne ke kawo muku? Me masu saye ke cewa?

Ranar farko ba ta samu komai ba. Ta shiga shago 6 da takarda da biro a hannu, masu shago 4 suka ƙi magana, ɗaya ya ce ta dawo in maigidansa na nan alhali shi ne maigidan. Sun ɗauka daga ofishin haraji take ko daga NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna. Washegari ta sauya salo. Ta bar takardar a jaka, ta tafi da ƙaninta, ta zaɓi tsakanin ƙarfe 10 da 12 na safe lokacin da masu sayen kayan karin kumallo sun ragu. Sai ta yi sallama, ta sayi ashana ko magi, ta tambayi garin kunun kamar mai nema, hira ta ɗauko daga nan. In magana ta yi nisa takan faɗa musu ita ɗaliba ce mai neman wurin koyon aiki. In ta fito ta sha kwana sai ta tsaya ta rubuta. Wani dattijo mai tireda har kujera ya ba ta, ya ciro tsohuwar ledar garin daga ƙarƙashin kanta, ƙura ta rufe ta, ya ce wata 5 rabonsa da ganin motarsu.

Cikin kwana 6 ta gama shago 30 a unguwa 3. Shago 11 na sayar da kayan, 12 ba su taɓa ɗauka ba, 7 sun taɓa sayarwa sun daina. A cikin bakwan nan, 5 sun ce motar kamfanin ce ta daina zuwa, 2 sun ce babbar leda ba ta tafiya. A cikin masu sayarwa, 8 sun ce mata na tambayar ƙaramar leda. Leda iri ɗaya kuma ana sayar da ita daga naira 450 har 600.

Ta zuba wannan a shafi ɗaya, da sunan kowane shago da layinsa. Ranar Litinin 19 ga Fabrairu ta je kamfanin. Wannan karon ba ta bar wa maigadi komai ba, ta ce saƙo ne daga shaguna take son miƙa wa Hajiya hannu da hannu. Ta jira kusan awa 2.

Hajiya ta karanta shafin a tsaye. Ta sa aka kira direban da ke kai kaya, ta karanto masa sunan shago biyu, ya amsa cewa lallai an kwana biyu ba a je ba. Ta ɗauki waya ta kira mai shago ɗaya da take da lambarsa, ta tambaye shi farashi, ya faɗi abin da ke cikin takardar. Sai a lokacin ta zauna ta ce, "'Yata, wa ya sa ki wannan aikin?" CV ɗin tana cikin jaka, ba a nemi ganinta ba sai ranar da za a buɗe mata fayil.

Aka ɗauke ta gwajin wata guda daga 26 ga Fabrairu, naira 25,000 kuɗin mota, zuwa ƙarfe 8:30, tashi ƙarfe 4:30. Mahaifinta ya amince da jin cewa akwai tebur da kujera.

## Maris zuwa Afrilu 2024: azumi da dabara biyu da ba su yi ba

An ɗauki azumi a Najeriya ranar 11 ga Maris, lokacin da garin kunu ya fi tafiya. Hajiya ta danƙa mata wayar kamfani ta ce ita ce yarinya, ita ta san intanet.

Dabararta ta farko ita ce ta tattaro lambobin waya daga tsofaffin rasit, ta samu 640. Jerin aika saƙon bai-ɗaya na WhatsApp ba ya ɗaukar fiye da lamba 256, don haka ta kasa su gida 3, ta tura hoton kaya da farashi. Mutum 6 suka yi oda. Sai daga baya ta gano cewa irin wannan saƙo ba ya isa sai ga wanda ya adana lambar mai aikawa a wayarsa, kuma yawancin mutanen nan ba su da lambar kamfanin. Akwai kuma wani abu da babu wanda ya kula da shi a lokacin, har da ni: dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a Yuni 2023 ba ta bar kamfani ya riƙa amfani da lambar mutum yadda ya ga dama ba.

Dabara ta biyu talla ce a Facebook, naira 15,000 na kwana 7. Ta tsara hoton da kanta, ya yi kyau ƙwarai. A ƙasansa ta rubuta cewa kunun yana ƙara jini. Hajiya ta sa aka goge wannan layin kafin a saki tallar, ta ce abinci take sayarwa, lambar NAFDAC ɗinta ta abinci ce, ba za ta yi da'awar magani ba a zo a rufe mata wuri. Tallar ta jawo saƙo kusan 140, amma mutum 9 suka saya. Ba ta taƙaita tallar ga Kano ba, sai ya zama yawancin masu tambaya suna Legas da Abuja da wasu garuruwa, inda kuɗin aika kayan ya fi kuɗin kayan. Cinikin duka ya tsaya a naira 31,500, ribar da ke ciki ba ta mayar da kuɗin tallar ba.

Babu wanda ya ce ta rubuta rahoto. Ta rubuta rabin shafi: abin da aka kashe, abin da ya shigo, inda ta ga kuskuren yake, da shawarar kada a sake sa kuɗi a Facebook sai an shirya yadda za a riƙa kai kaya wajen gari. Akawun kamfanin ya gaya mini cewa Hajiya ta karanta ta sa a durowa, ba ta ce komai ba. Da watan gwaji ya cika ba a yi zancen sallama ba.

## Afrilu zuwa Yuli 2024: littafin bibiya

Bayan ƙaramar Sallah, wadda aka yi ranar 10 ga Afrilu, ta nemi izinin komawa kan shagunan da ta fara da su. Ta sayi babban littafi mai bango mai ƙwari, ta ba kowane shago shafinsa: suna, layi, lambar waya, abin da ya ɗauka, ranar da ya ɗauka, ranar da take hasashen zai ƙare, da bashin da ke kansa. Duk ranar Juma'a da safe takan kwashe su zuwa Excel.

Darasin WhatsApp bai tafi a banza ba. Duk shagon da ta shiga sai ta roƙi mai shi ya adana lambar kamfanin a gabanta. Ta lura da yawansu ba sa buɗe dogon rubutu, sai ta koma saƙon murya da Hausa, gajere, wanda bai kai rabin minti ba: gaisuwa, ranar da mota za ta zo layinsu, da tambayar katon nawa za a sauke. Talata da Alhamis ta ware domin kiran waɗanda littafin ya nuna kayansu sun kusa ƙarewa.

A nan ne ta ci karo da direban. Mutum ne sa'an mahaifinta, ya shekara 9 a kamfanin, kuma tun ranar da aka karanto masa sunan shaguna a gaban kowa yake ganin ta tona masa asiri. Ya daina amsa gaisuwarta da kyau, in ta ba shi jerin shaguna sai ya ce hanya ba ta bi ta nan ba. Ta kawo mini ƙara tana son ta gaya wa Hajiya. Na ce ta fara zama da shi. Ta same shi a gindin mota bayan la'asar ta ce, "Baba, ni koyo na zo yi, ka nuna mini yadda kake bin layukan nan." Da ya saki jiki sai ga ainihin dalilin: kuɗin man da ake ba shi bai ƙaru daidai da tsadar mai ba, shi ya sa ya yanke shagunan da ke lungu masu ɗaukar katon ɗaya. Suka zauna tare suka kasa shagunan unguwa-unguwa, kowace unguwa da ranarta, ta yadda mota ba za ta shiga wuri ba sai an riga an tara oda. Da ta kai wa Hajiya tsarin, sunansa ta sa a sama.

A watan Mayu kamfanin ya fito da ƙaramar leda ta naira 100. Hajiya ta ce ta daɗe tana tunanin haka, takardar Fabrairu ce ta sa ta yanke shawara. Kaya sun yi tsada a shekarar, alƙaluman hukumar ƙididdiga ta ƙasa sun nuna hauhawar farashi ta kai kashi 34.19 cikin 100 a watan Yuni, mata da yawa sun koma sayen abin da za a dama na rana ɗaya. Zuwa ƙarshen Yuni, 19 daga cikin shago 30 na farko suna sayar da kayan. Zuwa ƙarshen Yuli littafin na ɗauke da shago 74.

Ba komai ne ya tafi daidai ba. Ita ta roƙa aka ba sababbin shago 10 kaya bashi domin su gwada. Bakwai sun biya a kan lokaci, 3 suka riƙe naira 46,000. Ta yi ta sintiri har ta karɓo 29,000. Daga nan aka kafa doka: ba a sauke katon na biyu sai an biya na farko.

Sai kuma abin da ya faru wata Laraba a watan Yuni. Wani mai shago ya nuna mata hoton tiransifa ta naira 8,500 a wayarsa, ta rubuta ya biya. Da ta koma ofis ta duba da akawu, kuɗin ba su shigo ba. Tana da kuɗin da za ta cike giɓin daga aljihunta ba tare da kowa ya sani ba, kuma ta gaya mini ta yi wannan tunanin a cikin adaidaita. Kafin a tashi ta shiga wajen Hajiya ta faɗi yadda aka yi, ta ce laifinta ne da ba ta jira alat ba. Bayan kwana 2 aka gano banki ne ya mayar wa mutumin kuɗinsa, ya sake turowa. A watan Yuli aka ba ta littafin rasit nata na kanta, aka ƙara mata kuɗi zuwa naira 40,000.

## Agusta zuwa Disamba 2024

Ranar 1 ga Agusta aka fara zanga-zangar tsadar rayuwa, gwamnatin Kano ta sa dokar hana fita. Daga gida ta riƙa kiran masu shaguna tana jajanta musu, tana rubuta wanda kayansa suka ƙare, ranar da hanya ta buɗe mota ta fita da jeri a hannu. A ƙarshen Oktoba, lokacin da yawancin jihohin Arewa suka shafe kwanaki babu wutar lantarki, niƙa ta ragu a kamfanin. Ta sanar da shagunan tun da wuri cewa rabin oda za a kawo, ta raba abin da ake da shi gwargwadon yadda kowa ya saba ɗauka.

A kasuwar baje koli ta Kano da ake yi a titin gidan Zoo a ƙarshen shekara, ita aka bar wa rumfar kamfanin da wata ma'aikaciya. Ta dama kunu ana ɗanɗanawa, ta riƙa tambayar wanda ya saya ko ya yarda a ɗauki lambarsa. Mutum 212 suka yarda, 38 daga cikinsu suka sake yin oda kafin ƙarshen Janairu.

## Fabrairu 2025: inda aka tsaya

Shekararta ta cika kwanaki kaɗan kafin azumin 2025. Littafin na da shago 96, kusan 70 daga ciki suna ɗaukar kaya aƙalla sau ɗaya a wata. Hajiya ta rubuta mata takardar shaida mai ɗauke da waɗannan alƙaluma, da ita ta nemi gurbin babbar difloma. An yi yarjejeniya za ta ci gaba da zuwa kwana 3 a mako in karatu ya bari.

Akwai abubuwan da ba su gyaru ba. Naira 17,000 na bashin nan ba su fito ba. Shafin kamfanin na Facebook bai kawo wani ciniki na a zo a gani ba har ta gama. Rubutunta na Turanci yana buƙatar gyara, akawu ne ke duba mata duk wasiƙar da za ta fita waje.

## Abin da na gani a lamarin

Mutum uku na tambaya abin da suke nema a wajen ɗalibin da ya zo koyon aikin talla: manajan da ya mayar da ita, da Hajiya, da akawunta. Babu wanda ya ambaci maki. Manajan ya ce wanda ya san kasuwar unguwarsu. Akawu ya ce wanda lissafinsa ke daidaita da yamma. Hajiya ta ce wanda in ya kawo mata labari ba sai ta sake aika wani ya tabbatar ba.

A ganina amsar Hajiya ce ta tattara sauran. Mai ƙaramin kamfani yana zaune ne a Sharaɗa, kayansa suna can cikin lunguna, duk abin da ya sani game da su ta bakin wani yake jinsa. Shafin nan na Fabrairu ya yi aiki ne saboda ana iya bincika shi da kiran waya ɗaya, kuma an bincika ya tabbata. Wasiƙu 11 da suka gabace shi babu abin bincikawa a cikinsu, yabon kai ne wanda kowane ɗalibi ya rubuta irinsa. Rahoton asarar Facebook da maganar naira 8,500 su ma wannan aikin suka yi, har ma sun fi, domin labari ne da bai yi mata daɗi ba ta kawo shi da kanta. Na tabbata su suka sa aka ba ta littafin rasit.

Sanin intanet, wanda ɗalibai suka fi tinƙaho da shi, shi ne ya fi ba ta kunya a farko. Ta iya tsara hoto, amma ba ta tsaya ta tambayi wa zai gani, a ina yake, ta yaya kaya za su isa gare shi ba. Wayar ta fara kawo ciniki ne bayan ta taka ƙafa ta san masu shagunan ido da ido. Excel ɗin da aka buƙata kuwa bai wuce na mako biyu ba, kuma abin takaici ne ɗaliba ta yi shekara 2 a sashen kasuwanci ba a zaunar da ita a gabansa da cinikin gaske ba. Haka watanni 4 na SIWES da ta ƙarar a jera fayil. Da an tura ta shago 30 a lokacin, da ba ta yi asarar wata biyu da naira 23,000 ba.

Zaman da ta yi da direban ma ina ba shi muhimmanci fiye da yadda ita take ba shi. Da ta kai ƙararsa, da ta samu gaskiya a ranar, amma da mota ba ta bi layinta da daɗin rai ba har ta gama shekarar.

Ba zan ce wannan hanya za ta yi wa kowa ba. Kamfanin ƙarami ne, mai shi na zaune a ciki, ana iya jiranta awa biyu a gan ta. A babbar masana'anta takardar na iya maƙalewa a bakin ƙofa. Gidansu na da halin ɗaukar kuɗin motarta na wata biyu, akwai kwamfuta a gidan, akwai ƙanin da zai raka ta. Ɗalibai da yawa ba su da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Kuɗin da aka biya ta kuma bai yi mini ba. A watan da aka ƙara mata zuwa 40,000 aka sa hannu a kan dokar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, ita kuwa a lokacin aikin cikakken ma'aikaci take yi. Na faɗa wa Hajiya haka, ta ce za ta duba idan ciniki ya ƙara buɗewa, kuma har yarinyar ta koma makaranta ba a ƙara ba.

A watan Maris 2025 kamfanin ya ɗauki wani ɗalibin IT. Kafin a buɗe masa fayil Hajiya ta ba shi sunan unguwa biyu da ba sa cikin littafin, ta ce ya je ya dawo mata da shafi ɗaya nan da mako guda.